Tsakanin Kwanta da Tashi

Dare na uku ke nan a ɗakin gwaji na Samaru,
janareto yana tari a bayan taga,
daga ni sai wani ɗan allo kore, bai kai tafin hannuna ba.
Na danna shi a gurbinsa cikin uwar kwamfuta
har haƙoransa na ruwan zinare suka kama.
Aikinsa ɗaya ne: ya karɓi magana daga nan,
ya kai wa na'urar awon ruwa a bakin dam,
ya dawo da amsa.
Ya ƙi.

Tsakaninsa da uwar akwai titi mai layi talatin da biyu,
kowa da lambar gidansa a gefensa.
In uwa ta kira lamba, mai gida ya leƙo.
Na kira tasa. Abin da ya dawo:
ɗaya, ɗaya, ɗaya, har ƙarshen jeri,
irin amsar da kango ke ba mai sallama.

Malam Barau ya shigo da kofin shayinsa,
shekara ashirin da shida yana riƙe da makullin ɗakin nan.
Ya leƙa ta saman tabarau, ya ce, "Wanke allon."
Na ce na wanke sau goma sha ɗaya.
Na rubuta ɗaya a rajistar farko, na ce masa kwanta,
na rubuta sifiri, na ce masa tashi,
nan take na zuba masa adireshi, da saurin da zai yi magana,
da ƙofar da zai ƙwanƙwasa in saƙo ya iso.

Ya kurɓi shayi.
"Tsakanin kwanta da tashi fa, me ka ba shi?"

Ban ba shi komai ba.

Yana nan a shafi na arba'in da bakwai, can ƙasa,
da rubutu ƙanana kamar ƙwan kiyashi:
a jira milisakan ɗari biyu.
Agogon cikinsa sai ya daidaita bugu,
sai ya share ɗakunansa ɗaya bayan ɗaya,
kafin kunnensa ya buɗe.
Duk abin da na faɗa kafin nan, ƙasa ta shanye.

Sai na tuna Baba, gado na shida, asibitin Shika,
ranar da ya farfaɗo bayan kwana tara.
Na rufe shi da magana: ni ne Tanimu, ga Ladidi,
yau Laraba, gona tana lafiya, ka gane ni? Ka gane ni?
Ya juyar da fuska bango.
Na fita baranda ina cewa shi ke nan, ya tafi ya bar jikinsa.
Ladidi kuwa ta zauna, ba ta ce uffan ba,
tana yi masa fifita da katin asibiti,
har la'asar, sai ya nemi ruwa, kuma da sunanta ya nema.

Na ƙara layi ɗaya a cikin umarnin.
Layin ba ya yin komai, jira kawai yake yi.

Ɗaya: kwanta.
Na ɗauke hannu daga madannai.
Sifiri.
Na sake ɗauke hannu, ko da yake ƙiftawar ido ta isa.
Sannan lambar gida, a hankali, sannan sauran.

Wata 'yar fitila, kamar ƙwayar gero, ta yi kore.
Uwa ta kira, ya leƙo ya faɗi sunansa da shekarar ƙirarsa.
Can daga bakin dam, ta cikin duhu da kukan kwaɗi,
lamba ta taso: mita huɗu da ɗigo bakwai.

Malam Barau ya ɗauraye kofinsa, ya ce in kashe fanka in na tashi.
Ruwa ya soma sauka a kan kwano.
Motar farko ta Shika sai shida da rabi,
na ja benci kusa da fitilar, na zauna.